Tukunyar Rini da Na Haɗa Cikin Azumi

Jiya na ji ku a bakin ƙofa, ku 'yan matan da aka turo ku koyi rini a wurina. Ɗayarku tana cewa ai aikin ba wani abu ba ne, a zuba ruwa, a zuba toka, a zuba baba, a tsoma zare, shi ke nan. Ban tanka ba saboda yaro yana barci a bayana. Tsoma zare kam gaskiyarta, ko Hassi tawa da ba ta cika shekara bakwai ba ta iya. Amma kafin a kai ga tsomawa akwai ruwan, kuma ruwan tukunyar rini abu ne mai rai. Yana jin yunwa, yana jin sanyi, yana mutuwa. Zan gaya muku yadda na koyi kula da shi, da yadda na taɓa kashe nawa da hannuna.

A Gwandu na koya, a gidan Goggo Tumba, yayar mahaifina. An kai ni ina 'yar shekara takwas, ina gidanta Nasara suka shigo ƙasar nan. Maza suna da marinarsu a bayan gari, ramuka masu zurfi, su ke rina riguna da rawuna. Mu mata zare muke rinawa a cikin gida, mu ba masaƙa. Goggo tana da tukwane huɗu a bayan ɗakinta, an binne su a ƙasa har wuya, kowace in babban mutum ya shiga za ta kai masa ƙirji. Shekara biyu ba ta bar ni na taɓa ko ɗaya ba. Aikina toka. In tara karan gero, in ƙone shi a wuri mai tsabta, in tankaɗe, in zuba a tukunya mai huji a gindi, in kwarara ruwa a kai, in sa wata a ƙasa ta tari abin da ke ɗiga. Wannan shi ne ruwan toka. In na yi ƙyuya na ɗebo tokar murhu, sai ta shinshina ta ce, "Wagga ta sha miya," ta watsar, in koma in sake.

Kayan aikin ba su da yawa. Doguwar muciya ta motsa ruwa, igiyar shanya, da ƙwarya ɗaya ta awo wadda ba a shan komai da ita, ba a kuma ara wa maƙwabta. Sai murfi, kuma kada ku raina shi. Nawa tsohon akushi ne babba nake kifewa, in ɗora dutsen niƙa a bisa. Bakin tukunyar daidai yake da ƙasa, yaro mai rarrafe kuwa ba ruwansa. In zan fita ko zaure ne sai na duba murfin, in na kai ƙofa in dawo in sake dubawa. Ku ma haka za ku yi muddin kuna gidan nan. Baba kuwa, a wurin manoman Ceberu Goggo take samu. Su yanko ganyen, a daka, a cura kamar curin fura, a shanya ya bushe. Mai kyau in kin fasa shi cikinsa baƙi ne, ba fari-farin ruɓa.

Tukunyar farko da ta bar ni na tsaya a kai, a bazara ce. Muka cika ta da ruwan rijiya, na miƙa hannu zan ɗauki ƙwaryar toka, ta buge mini hannu.

"Kin tambayi ruwan?"

"Goggo, ruwa ne fa."

"Ruwan wa? Taɓa."

Na tsoma yatsa na taɓa a harshe, na tofar. Haka ake yi, ba a haɗiyewa. A ɗanɗana ruwan shi kaɗai tun ba a sa komai ba, sannan a zuba ruwan toka ƙwarya ɗaya, a motsa, a sake ɗanɗanawa, a ƙara. Wanda toka ta yi wa kaɗan lami ne a baki, shi zai ruɓe ya yi ɗoyi. Wanda ta yi daidai yana ɗan cizon bakin harshe ya saki. Wanda ta yi wa yawa yana kamawa ya ƙi saki, ki tofar ki ci gaba da jin sa. A cikin irin wannan baba ba ya tashi, sai ya kwanta a gindi kamar laka. In ruwa ya daidaita sai a zuba baba, a zuba ɗan tsohon ruwan tukunyar da ke aiki, wanda muke kira uwa, a rufe. A motsa safe da yamma. Tsakanin kwana biyar da bakwai kumfa za ta taso mai ƙyalli kamar wuyan tattabara, ruwan da ke ƙarƙashinta ya koma kore-kore, wari ya sauya. Tukunya ta tashi ke nan.

Daga nan kuma kullum sai an duba ta. Ruwan sama in ya shiga ya rage mata kaifi, a ƙara toka. Rana in ta yi zafi ruwa ya ja baya, kaifin ya ƙaru, a ƙara ruwa. In ta gaji kumfa ta yi ƙasa, a ba ta tsari, wato ruwan da aka wanke surfen gero da shi, wannan da kuke ba awaki. Shi ne abincinta.

Cikin azumi Goggo ni take kira, don a lokacin ban kai yin azumi ba. "Zo nan, ke mai cin rana, taɓa mini wanga. Mi kinka ji?" In ce ya ciza ya saki, ko in ce lami ne, ta yi aiki da abin da na faɗa. Shekara huɗu muna haka. Ban taɓa tambayarta dalili ba, na ɗauka a raina cewa mai azumi ba ta kai ruwan tukunya bakinta, don haka take aron nawa. Ku riƙe wannan, don nan kuskurena ya fito.

Da aka yi mini aure aka kawo ni nan Kalgo, Goggo ta cika mini gora da uwar tukunyarta. Al'adar masu rini ce, wadda ta koya miki ita ke ba ki uwa, sau ɗaya, ranar da za ki bar gidanta. Ba a sayarwa, ba a ba wadda ba ke kika koya mata ba, ba a kuma ba mutum sau biyu. In kin haɗa sabuwar tukunya ki juye daga tsohuwa, haka za ta yi ta tafiya a hannunki. In kin kashe, kin kashe.

Aikina na farko a Kalgo na Malam Nomau ne, masaƙin da ke bayan masallacin unguwarmu. Dattijo ne, ba ya yabo. Ya aiko da zare kaɗan don gwaji, na rina, tsomi huɗu ya yi baƙi. Ya goga shi a farar rigarsa ya ga bai zuba ba, washegari ya aiko da kwando. Tun daga ranar duk zarensa wurina yake kawowa, ya bar kai wa marina. Rijiyar unguwarmu ruwanta mai daɗi ne, kuma ba ya sauyawa. Kowace tukunya na haɗa, ƙwarya uku na ruwan toka take ci, ba ƙari ba ragi. Shekara biyar ina ɗanɗanawa, shekara biyar uku ne. Har na fara ɗanɗanawa don sabo kawai, hannuna ya riga ya san lissafin.

Akwai wata Bafilatana daga rugar gabas da ta taɓa kawo mini zarenta, kaɗin hannunta na shekara guda. Zare mai kyau, siriri. Na tsoma kai ɗaya na zaren, ya fito dabbare-dabbare, wani wuri ya kama wani ya ƙi, na kuma ga maiƙo yana yawo a kan kumfa. Ashe in tana kaɗi hannunta da man shanu take yi. Na kwashe maiƙon da audugar da ba a kaɗa ba, na dafa sauran zaren da ruwan toka sau biyu kafin ya kusanci tukunya. Da ta dawo na gaya mata, ta yi dariya ta ce a rugarsu har jariri da mai ake haifarsa. Tun daga ita, duk zaren da ya shigo gidan nan sai na shinshina shi.

Sai shekarar da damina ta tsaya. Wasu cikinku suna goye a lokacin, ku tambayi iyayenku. An yi shuka sau biyu ta ƙone. Tsohon hatsi ya ƙare a yawancin gidaje, mata suna tonon bado a fadama, ana dafa tafasa ba gari. Maigidana ya kora jakunansa ya yi kudu neman hatsi, ya bar ni da mahaifiyarsa, Inna, da yara biyu, 'yar farina mai shekara huɗu da Hassi tana goye. Abin da ya rage mana gero ne a gindin tulu ɗaya, Inna ke riƙe da shi, tana ɗiba da ludayi. Rijiyar unguwa ta ƙafe. Gulbi ya ja baya ya zama tafkuna, wanda ya fi kusa sai an yi tafiyar hantsi. Maza suka haƙa rami a gefen fadama, ruwa ya fito, kowa can yake ɗiba. Ƙasar bakin ramin tana da fari-fari a kai kamar an barbaɗa gari. Na gani da idona, ban yi tunanin komai ba.

Azumi ya kama a tsakiyar wannan. Kwana uku da farawa Malam Nomau ya yi sallama a zaure da kwando a kai, duk zaren da ya mallaka.

"Ɗiyata, fatake za su yi kudu bayan Sallah, sun ce saƙi suke so. Ina da tsohon gero a rumbu. Ki ba ni baƙin zare cikin kwana goma sha biyar, in auna miki. In ba ki iyawa ki faɗa mini yanzu, in kai marinar Birnin Kabi."

"Zan iya, Malam."

"Tukunyarki na da rai?"

"Ta gaji, amma uwa na nan. Gobe zan haɗa sabuwa."

Ya dube ni ya dubi Hassi a bayana, ya sauke kwandon.

Washegari da sassafe na yi ta jido daga ramin fadama har tukunya ta cika. Na tsaya a kanta da yatsana a jiƙe, na tuna ina azumi. Inna ma tana azumi. Na dubi 'yar farina, na ga yadda take kallon duk abin da ya nufi baki a kwanakin nan, na san in na ɗiga mata haɗiyewa za ta yi. Da na jira faɗuwar rana na ɗanɗana, na haɗa gobe, da kwana ɗaya kawai na rasa. Amma kwanakin ƙidayayyu ne, kuma na ce ai uku ne kullum. Na zuba ƙwarya uku. Na zuba baban da nake da shi gaba ɗaya, don aikin da yawa. Na juye uwar tsohuwar tukunya a kai duka, ban rage ko ɗigo ba, na rufe.

Da aka kira magariba, kafin in kai komai baki, na ɗaga murfi na taɓa. Ya kama harshena kamar na lashi garwashi. Na tofar, na kuskure baki, yana nan. Na ɗebo ruwan ramin daga tulu na taɓa shi kaɗai, na ji kanwa. Ruwan ya zo da nasa kaifin tun daga ƙasa, ƙwarya ɗaya ta ishe shi, ni kuwa na ba shi uku.

Na bar ta kwana ɗaya ko Allah zai sa. Da safe na sa muciya, baba yana kwance a gindi, ruwan da ke bisansa garau, ba wari ba komai. Uwa ta mutu a ciki. A Kalgo masu rini biyu ne ban da ni, duk sun bar tukwanensu sun bushe, kuma ko suna da ita ba za su ba ni ba. Na gaya wa Inna zan je Gwandu.

"Da goyo? A wanga hali?"

"Kwana biyu ne zuwa, biyu dawowa."

"In kin je ta ce ta riga ta ba ki fa?"

"Sai in dawo."

Ta ce akwai masu jakuna da za su tashi da asuba, in bi su, kuma kada in yi taurin kai da azumi a hanya, matafiyi da mai shayarwa an yi musu sauƙi, na rama daga baya. Na ɗora dutse biyu a kan murfi, na roƙe ta kada ta bar yarinyar ta je bayan ɗaki. Na faɗa mata sau uku, har ta ce in ban fita ba za ta jefe ni da muciya.

Na sami Goggo a bayan ɗakinta da la'asar. Tukwane uku a bushe, ɗaya kawai ta bari da rai. Ta rame, amma bakin yana nan yadda na san shi. Bayan gaisuwa ta dubi goran da na riƙo wofi, ba ta tambayi gida ba.

"Mi kinka yi ma tukunyar?"

Na gaya mata duka, ban rage ba.

"Ba ki taɓa ruwan ba?"

"Ina azumi, Goggo."

"To?"

"Ai ke ma in kina azumi ni kike sa in taɓa miki."

Ta ajiye muciya ta dube ni, sannan ta yi dariya har da tari. "Innalillahi. Ke, ni azumi ka hana ni taɓawa? Harshenki nike wasawa, sakara! Sauran wata goma sha ɗaya in na ce taɓa sai ki jira in taɓa ki maimaita abin da na ce. Cikin azumi ne kawai kike tsammanin ba ni da baki, sai ki buɗe naki. In kin ba da baya ni kan taɓa in tofar, in ji ko kin yi daidai."

"Bai karya azumi?"

"Na tambayi malamai tun ba a haife ki ba. Sun ce ba abin so ba ne in babu dalili, amma in kin taɓa kin tofar ba ki haɗiye ba, azuminki na nan. Yau kina azumi?"

"Na sha a hanya, jiya da yau."

"Da komawa huɗu ke nan. Kin ƙi taɓa harshe don tsoron ɗaya, ga ki da huɗu a wuya."

Ta nuna mini wata hanya kuma, ta yatsu, don ranar da mura ta kashe baki. A murza ruwan tsakanin babban yatsa da manuni. In ya yi santsi kaɗan kamar ɗanyar kuɓewa, daidai ne. In ya yi santsin sabulu har fata ta fara fari, ya yi yawa. Ta ce yatsa bai kai harshe ba, amma ya fi zuba ido. Game da tukunyata ta ce kada in zubar, baban bai lalace ba, kwanciya ya yi. In kwashe rabin ruwan da ke bisa in adana a tuluna, zai yi mini toka nan gaba. In cika da ruwan gulbi, komai nisansa. In taɓa har sai ya ciza ya saki. Sannan uwa, sannan tsari safiya uku a jere.

Na ce, "Uwar ce babu, Goggo."

"Na ba ki taki."

"Na sani."

"Ba a ba mutum sau biyu. Wadda ta koya mini ba ta yi ba, ni ma ba zan fara ba."

Na ce to. Na fara gyara goyo, don ban ga abin zama ba. Hassi ta farka ta leƙo ta kafaɗata. Goggo ta daɗe tana kallonta.

"Wagga mace ta?"

"Mace ce."

"Sauko mini da ita."

Ta karɓe ta, ta kama ɗan yatsanta ta taɓa muciya da shi. "To, na koya mata. In ta girma ni ba ni nan, gara in ba ta nata tun yau." Ta cika goran da uwa, ta toshe, ta naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. "Na Hassi na, ba naki ba. Ajiya ce a hannunki. Kada rana ta buge shi, kada ki girgiza shi kamar nono. In kin kashe wanga, ita za ki ba amsa."

Na dawo da goran a ƙirji, a ƙarƙashin mayafi, ina jiƙa tsumman da ruwan shana. Kwana biyu bayan isowata na yi su a hanyar gulbi, sawu biyu kullum, tulu a kai, goyo a baya. Na kwashe, na cika, na taɓa da rana tsaka na tofar. Ya ciza ya saki. Na juye uwa. Ranar kwana takwas ke nan cikin sha biyar ɗin Malam Nomau.

Saura tsari. A lokacin Inna ludayi biyu take surfawa a yini, ruwan wankin kuwa ba a ba awaki, don babu awakin, 'yar farina ke sha da safe kafin kunu ya nuna. Na ce wa Inna tukunya na bukatarsa safiya uku.

"A ba rami abin da yarinya ka sha?"

"In ba ta ci ba ba ta tashi. In ba ta tashi ba, Malam zai kwashe zarensa."

"In ta ci ta ƙi tashi fa?"

Na koma bayan ɗaki na gyara murfi. Da safe ita da kanta ta kawo ƙwaryar, ta miƙo mini ba ta dube ni ba. Na zuba. Yarinyar tana tsaye tana kallon ƙwaryar har ta ƙare. Ba ta yi kuka ba, a kwanakin nan yara sun rage kuka. Haka muka yi safiya uku.

A rana ta goma sha biyu Malam Nomau ya zo. Ya ji labari a gari, don masu jakuna ba su da rufi. Inna ta ce ya shigo ya gani da idonsa. Na ɗaga murfi. Ruwan ya fara duhu, akwai ɗan wari, amma ba kumfa ko ta ido.

"Ɗiyata, wagga ba ta tashi ba."

"Tana hanya, Malam. Shinshina ka ji."

"Hanci ba shi rina zare. Ni ma da iyali a bayana. Ba ni kwandona."

Na shiga na ɗauko. Yana cikin kwashe kawunan zare yana zubawa a buhunsa, Inna ta janyo abin da ya rage a kwandon, wajen kashi ɗaya cikin uku, ta shimfiɗa a ƙasa ta zauna a kai.

Malam ya kira ta da sunanta, "Kulu, mi ke nan?"

"Ƙafata ka ciwo, na sami wurin zama."

"Tashi, don Allah, rana na yi."

"Nomau, na san ka tun kana yawo ba wando kana satar gyaɗar uwata. In kana da ƙarfi ɗaga ni."

"Wallahi ke dai ba ki sake ba."

"Kai ma rowar na nan. Shekara biyar yarinyar ga tana yi maka baƙin da marina ba su yi maka ba, ka taɓa cewa madalla? Kai naka can, wanga na nan."

Ya tsaya yana jan gemu. Daga baya ya ɗaure buhunsa ya ce in wannan ya lalace, a kan Inna yake. Ta ce a kanta yake yanzu ma, ko a ce ita ke kansa. Ya fita yana gunaguni.

Tukunya ta tashi a rana ta goma sha huɗu. Da na ɗaga murfi da safe na ga kumfa a gefe ɗaya, faɗin tafin hannu, da yamma ta rufe fuska. Na jiƙa kai ɗaya na tsoma, na matse, na ɗaga. Ya fito kore, iska ta buge shi ya juya shuɗi a hannuna. Amma ƙarfinta rabi ne, don rabin ruwan na kwashe. Abin da tsomi huɗu ke yi sai da na yi tara, tsomawa, matsewa, shanyawa, a sake. Kwana biyar na yi a kai, na wuce wa'adi da kwana huɗu.

Na kai masa da kaina. Na marina ya riga ya dawo, yana rataye a rumfarsa. Ya ɗauki nawa ya jera da nasu ya fita rana. Nasu ya fi baƙi, na gani, shi ma ya gani. Ya goga nasu a hannun rigarsa, ya bar ɗan shuɗi. Ya goga nawa, bai bar komai ba. Ya sake gogawa da ƙarfi.

"Ya yi," ya ce. "Bai kai na bara ba, amma ya yi."

Ya shiga rumbu ya auna mini gero gwargwadon abin da na rina, bai rage don jinkiri ba, bai kuma ƙara ba. Da shi da bado muka kai har maigidana ya dawo da jakuna, kwana ashirin bayan Sallah. Da dukan kwandon na rina, da mun ci sau biyu a yini. Sau ɗaya muka ci, kuma ba wanda aka binne a gidan nan.

Na rama azumina huɗu kafin sanyi. Tukunyar tana nan, ita ce ta gefen katanga, baƙinta ya dawo tun shekarar da ta biyo baya. Malam Nomau bai daina kawo mini zare ba. Sai dai tun daga wannan shekarar kashi biyu yake yi, rabi nan, rabi marina. Bai taɓa faɗa mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.